Daga Damargu zuwa Bahar Maliya: ranar da matafiyi ya fara hawan teku

Ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram, ƙasa ce ta gero da dabbobi, wadda mutanen Abzin suka daɗe suna ɗauka tamkar rumbunsu. Babu kogi a cikinta. Ruwan da ɗan Damargu ya tashi ya sani shi ne na rijiya mai zurfi, wadda ake ja da raƙumi ko da sa, sai kuma na tabki, wanda kan cika da damina ya ƙafe tun kafin bazara. Daga garin Tanut zuwa bakin teku mafi kusa, can kudu, tafiyar ta fi kilomita 1,000. Amma duk da wannan nisa, tun zamanin kakanni akwai mutanen wannan ƙasa da suka hau jirgin teku. Mafi yawansu sau biyu kawai suka hau shi a rayuwarsu, zuwa da komowa, a kan hanyarsu ta sauke farali.

A yau akwai waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa don su kwana bakwai a kan teku, ba da niyyar zuwa ko'ina ba, sai dai shan iska. Kafin a yi bayanin irin wannan yawo, ya kamata masu karatu su ji yadda namu mutanen suka fara sanin teku, da abin da suka tarar a kanta.

Hanyar gabas

Mutanen Damargu ba baƙin tafiya ba ne. Ayarin fatake da ke fitowa daga Tarabulus da Gat da Agadas zuwa Damagaram da Kano ta ƙasarsu yake ratsawa, kuma ta nan ne Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya wuce a watan Janairu na 1851. Sai dai hanyar hajji ta ƙasa gabas ta nufa. Daga Tanut zuwa gaɓar Bahar Maliya, ko da a miƙe aka auna, ya fi kilomita 3,000.

Maniyyaci yakan jira a gama girbi, ya sayar da abin da zai sayar, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, ya bar wasiyya, domin a wancan zamani wanda ya tafi ba a sa ran ganinsa sai bayan shekaru, in ma an sake ganinsa. Daga nan sai ya gangara Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 150, ya shiga ayarin masu irin niyyarsa. A lokacin mulkin Faransa da yawa sukan bi ta Najeriya don kauce wa wahalar takardun komanda. Sukan bi ta Barno su ƙetara zuwa For-Lami, wadda ake kira Njamena tun 1973, sa'an nan Abeshe, da Adire a bakin iyaka, su shiga ƙasar Darfur ta Janena da Fashir. Da fari a ƙasa ake tafiya, ko bisa jaki da raƙumi. Daga baya manyan motocin kaya suka shigo. Jirgin ƙasa ya iso Al-Ubayyid a 1912, ya iso Niyala a 1959, wanda kuwa ke da kuɗin tikiti ya huta da sauran tafiyar.

Amma kaɗan ne ke da guzurin da zai kai su gaɓar teku a tashi ɗaya. Saboda haka ake yada zango a yi ƙodago. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin auduga na Jazira sun zama wurin da dubban maniyyata daga ƙasashen Hausa da Barno suke aikin tsinkar kaɗa, shekara ɗaya ko biyu ko fiye, har su tara kuɗin jirgi. Wasu sun yi aure can, sun haifu, ba su ƙara gaba ba, ba su kuma komo gida ba. A bakin kogin Nilu akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Zuriyar waɗannan matafiya suna nan a Sudan, suna jin Hausa.

Zaman jira a Sawakin

Ƙarshen hanyar ƙasa shi ne Sawakin, tsohon gari da aka gina da dutsen murjani a kan ɗan tsibiri. Turawan Ingila sun buɗe sabuwar tashar Bur Sudan a 1909, ciniki ya koma can, amma aka bar wa Sawakin sha'anin alhazai. A nan ake tsare maniyyaci a sansanin duba lafiya, a yi masa lambar agana da allurar kwalara, a duba takardarsa, a tabbatar yana da kuɗin komowa.

A nan ne kuma ɗan Damargu ke fara ganin teku. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne rashin ganin ƙetare. Duk tabkin da ya sani, in ya tsaya a wannan baki yana hangen wancan. Wannan kuwa ruwa ne har inda ido ya ƙare, ya haɗe da sama. Na biyu shi ne launi: an ce masa Bahar Maliya, wasu ma sun ce masa jar teku ce, ga shi kuwa shuɗiya ya gani kamar an zuba baba. Na uku shi ne ɗanɗano. Kusan kowane baƙo sai ya kamfata da hannu ya kai baki, ya kuma tofar nan take. Ruwan Bahar Maliya yana cikin mafi gishiri a tekunan duniya, kimanin giram 40 a kowace lita, saboda rana tana ƙona shi kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tattalin kowace salka, ga shi yau gaban ruwan da ba shi da iyaka, amma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa.

Hanya biyu ce ta ƙetarewa. Mai cikakkun takardu yakan shiga babban jirgi mai hayaƙi, irin na kamfanin Khedivial Mail na Masar, wanda ke yanke kimanin kilomita 300 da ke tsakanin gaɓar Sudan da Jidda cikin dare ɗaya da wani yanki na yini. Wanda ba shi da takarda ko kuɗinsa bai kai ba yakan faɗa hannun masu jiragen katako da ake kira sambuk, masu tafiya da iska, waɗanda ke tashi da dare daga wuraren da babu ido. Wannan tafiya takan ɗauki kwanaki, gwargwadon yadda iska ta so. An sha sauke mutane a wata gaɓa da babu ruwa babu gari, a ce musu Jidda na nan kusa. Araha ba ta ado.

Dare a kan ruwa

Talakan maniyyaci ba ya samun ɗaki a jirgi. Wurinsa shi ne farfajiyar sama, ko cikin rumbun kaya da aka share. Kowa yakan shimfiɗa tabarmarsa, ya jingina da ƙunshin kayansa, mata a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya. Mutanen gari ɗaya sukan haɗa kai su naɗa wani dattijo ya zama madugu, shi ke riƙe takardu, shi ke magana da ma'aikatan jirgi in yana jin Larabci. Guzuri kuwa irin na hamada ne: gumba, da dabino, da cuku, da ɗan kilishi. Ruwan sha da awo ake raba shi, abin da bai zama sabon abu ga ɗan Damargu ba.

Sa'ad da jirgi ya yi kuka ya saki gaɓa, sai kabbara ta tashi ko'ina. Muddin yana cikin mashigin Sawakin, ruwa a kwance yake. Da ya fita fili sai ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafa. Mai raƙumi ya saba da rangaji, amma rangajin raƙumi yana da ƙa'ida, kuma in ya gaji yana iya gurfanar da shi ya sauka. Jirgi ba ya gurfana. Ba a daɗe ba sai jiri ya kama mutane, zufa mai sanyi ta keto, amai ya biyo baya. Da yawa sun ɗauka ajali ne ya zo, wasu suka ce iskokin ruwa ne.

Likitoci sun bayyana dalilin wannan ciwo. A can cikin kunnen mutum akwai wani sashe da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki a tsaye yake ko a karkace. In mutum yana zaune cikin jirgi, idonsa yana ganin bango da kaya ba sa motsi, kunnensa kuwa yana jin ana ɗaga shi ana saukewa. Saɓanin waɗannan labarai biyu shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Maganinsa shi ne mutum ya fita inda iska ke kaɗawa, ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ya zauna wajen tsakiyar jirgi inda rangaji ya fi sauƙi, ya rage cin maiƙo. Tauna citta yana taimakon wasu. Galibi jiki yakan saba bayan kwana ɗaya ko biyu, amma mai ƙetare Bahar Maliya yakan isa kafin ya saba.

Sai kuma tambayoyin addini, waɗanda ba su taɓa tasowa a Gangara ko Tarka ba. Ko ruwan gishiri yana yin alwala? Malamai sun amsa cewa ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Ina alƙibla, tun da jirgi yana juyawa? Ga mai fitowa daga Sawakin abin ya zo da sauƙi, domin gaban jirgin kusan can ya dosa. Wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya yi salla a zaune. A ina za a ɗaura harami? A nan an sami saɓani: wasu sukan yi wanka su ɗaura tun cikin jirgi, wasu sukan bari sai sun sauka Jidda, kowa da malamin da ya bi.

Abu ɗaya ne bai zama baƙo ba, shi ne sararin sama. Wanda jiri ya sake shi cikin dare, in ya ɗaga kai, zai ga taurarin da ya sani tun yana yaro, Kaza da ƴaƴanta, da Zara, da tauraron arewa da madugai ke bi a Tenere. Matuƙan jirgi na wancan zamani da taurari da rana suke auna inda suke, kamar yadda jagoran ayarin gishiri ke yi tsakanin Agadas da Bilma.

Da gari ya waye akan hango fararen gidajen Jidda. Gaɓar tana cike da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, don haka kafin a gina matsayar zamani babban jirgi can nesa yake tsayawa. Sai an sauko da mutane ta tsani zuwa ƙananan jirage, tsofaffi da mata da kaya, ruwa yana ɗaga ƙaramin jirgin yana saukewa. Bayan an taka ƙasa ma, mutum yakan yini yana jin kamar tana rangaji.

Wannan hanya ta mutu sannu a hankali. Jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano tun shekarun 1950, daga baya kamfanin Air Afrique, wanda aka kafa a 1961 ya kuma rushe a 2002, ya yi jigilar na ƙasashenmu. Yaƙin basasar Cadi da ya fara a 1965, da rikicin Darfur na 2003, da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, sun sa hanyar ƙasa ta zama mai hatsari ƙwarai. Tafiyar da kakanni suka yi cikin shekaru, jikokinsu suna yin ta cikin sa'o'i, suna hangen Bahar Maliya ta taga.

Jiragen yamma

Akwai wasu ƴan ƙasar nan da suka san teku ta wata ƙofa. Su ne sojojin da Faransa ta ɗiba a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945, da yaƙe-yaƙen Indoshin da Aljeriya, sai kuma ɗalibai da ma'aikata da aka tura ƙaro ilmi. Da yawa ta Dahome suka bi, su shiga jirgin ƙasa a Paraku zuwa Kwatano. Kafin a buɗe babbar tashar Kwatano a 1965, jirgi ba ya iya matsowa gaɓa. Akan sa mutane cikin wani babban kwando, inji ya ɗaga su daga kan gada ya sauke cikin kwalekwale, a tuƙa su zuwa jirgi, a sake ɗaga su sama. Daga nan tafiyar kusan mako biyu ce zuwa Marsai, ana tsayawa a Abijan da Konakiri da Dakar. Masu aji na ɗaya suna sama da ɗakuna da teburin cin abinci, soja da talakawa suna can ƙasa kusa da inji.

Da jirgin sama ya kwashe fasinjoji, sai masu waɗannan jirage suka nemi wata sana'a. Misali shi ne jirgin Jean Mermoz, wanda ya fara aiki a 1957 tsakanin Marsai da gaɓar Afirka ta yamma. A 1970 aka gyara shi, aka rushe bambancin aji, aka mai da shi jirgin yawon shaƙatawa. Haka aka yi wa jirage da yawa a Turai da Amurka, kuma daga nan ne wannan sana'a ta bunƙasa.

Otel a kan ruwa

Jirgin shaƙatawa na yau otel ne mai tafiya. Fasinja yakan biya kuɗi dunƙule, wanda ya haɗa ɗaki da abinci da wasanni. Jirgin yakan yi tafiya da dare, da safe ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su ga gari su komo kafin magariba, bayan mako ɗaya a mai da su inda aka ɗauko su. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024 daga Miyami ta Amurka, tsawonsa mita 365 ne, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Ruwan sha a cikin jirgin ake yin sa, ana tace gishiri daga ruwan teku da inji. Akwai kuma wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage rangaji, ko da yake ba su hana jiri gaba ɗaya ba.

Abin ya iso Bahar Maliya ma. Saudiyya ta fara karɓar irin waɗannan jirage a 2020, kuma a watan Disamba na 2024 jirginta mai suna Aroya, mai ɗaukar fasinja fiye da 3,000, ya fara tashi daga Jidda. Ruwan da maniyyata suka ƙetara bisa tabarma, suna rabon ruwan sha da awo, yau ana yawo a kansa da wurin wanka a saman bene.

Wanda ya fara shiga irin wannan jirgi, abin da za a fara sa shi, tun kafin a bar tasha, shi ne koyon hanyar tsira: inda rigar iyo take, yadda ake ɗaura ta, da wurin da zai je in ya ji ƙarar gargaɗi. Wannan doka ta samo asali daga nutsewar jirgin Titanic a 1912, an kuma ƙara tsananta ta bayan da jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, mutum 32 suka rasu. Sabon shiga ya kuma lura da cewa kuɗin tikiti bai haɗa kome da kome ba: yawon cikin gari, da wayar tarho, da ganin likitan jirgi, duk da kuɗinsu dabam. Ya tabbatar kuma yana da bizar kowace ƙasa da za a tsaya, domin jirgi ba ya jiran wanda aka tsare a tasha.

Abin da ya shafe mu

Kaɗan ne daga mutanen Damargu za su sayi tikitin yawon shaƙatawa. Amma sha'anin teku bai bar ƙasarsu ba, domin babbar hanyar mota da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas ta cikin garin Tanut ta bi. A kanta ne dubban matasa na ƙasashen Afirka ta yamma suka wuce zuwa Libiya da Aljeriya. Ƴan Nijar galibi neman aiki ke kai su, su komo gida. Wasu matafiyan kuwa burinsu su ƙetare Bahar Rum zuwa Turai cikin kwalekwalen roba. A ranar 3 ga Oktoba 2013 wani jirgi ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutane fiye da 360 suka mutu. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙidaya mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum daga 2014 zuwa 2024. Mai kwalekwalen roba na yau ɗan'uwan mai sambuk ne na jiya: da dare yake tashi, a gaba yake karɓar kuɗi, kuma shi ma yakan ce ƙetare na nan kusa.

Babban jirgi ma in an yi masa lodin da ya wuce ƙima ba ya tsira. Jirgin Joola na Senegal, wanda aka yi don mutum ƙasa da 600, ya kife a ranar 26 ga Satumba 2002, mutum 1,863 suka rasu bisa ƙidayar gwamnati. A Bahar Maliya kanta, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse a watan Fabrairu na 2006 tsakanin Saudiyya da Masar, da mutum fiye da 1,000.

Saboda haka ana kira ga malaman yaƙi da jahilci, da hakimai da masu gari, da limamai, su riƙa bayyana wa jama'a waɗannan abubuwa. Duk wanda tafiya ta kai shi ga hawan ruwa, ko teku ne ko kogin Kwara, ya nemi jirgi mai rajista da ke tashi daga tasha da rana tsaka, ya karɓi tikiti a rubuce, ya tambayi inda rigar iyo take, in kuwa ya ga lodi ya yi yawa ya sauka ya jira na gaba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma sai ga wanda ya komo ya ba da labari.